Kuɗin Gwamnati Da Yaron Da Ba Ya Makarantarta: Gwaji Daga Ƙauyukan Hausawan Sudan

Akwai wata magana da ake yawan ji a taron iyayen yara da na hukumomin makarantun ikkilisiya, musamman sa'ad da lokacin biyan kuɗin makaranta ya ƙarato. Maganar kuwa ita ce, tun da uban da ya kai ɗansa makarantar mishan yana biyan haraji kamar kowa, ai kamata ya yi gwamnati ta ware rabon ɗansa daga cikin kuɗin ilimi ta miƙa masa, shi kuma ya kai yaron makarantar da zuciyarsa ta kwanta da ita. Masu wannan ra'ayi sukan taƙaita shi da kalmomi huɗu: kuɗi su bi yaro.

Ra'ayin ba sabo ba ne. Ƙasar Holan ta sa shi cikin tsarin mulkinta a 1917, bayan doguwar jayayya tsakanin masu son makarantar gwamnati kaɗai da Katolika da Furotestan masu son tasu. Tun daga lokacin gwamnatin ƙasar take biyan makarantun addini daidai da nata, har ya zama wajen kashi biyu cikin uku na yaran firamare suna makarantun da ba gwamnati ke tafiyar da su ba. A 1955 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Milton Friedman, ya ba da shawarar a riƙa ba iyaye takardar kuɗin karatu, su kai ta makarantar da suka zaɓa. Ƙasar Chile ta gwada wannan a 1981, birnin Milwaukee na Amurka a 1990, ƙasar Suwidin kuma a 1992.

Amma waɗannan wurare ne masu rajistar haihuwa, da sufetocin makaranta, da makarantu uku ko huɗu cikin unguwa ɗaya. Idan ana so a san abin da ra'ayin zai haifar a ƙauyen da ya yi kama da ƙauyukan ƙasar Hausa, sai a auna shi a wurin da ya yi kama da su. Akwai irin wannan wuri a ƙasar Sudan, cikin ƙauyukan Hausawan Jazira da na bakin kogin Shuɗin Nilu, wanda Larabawa ke kira Nilul Azraƙ. Mutanen nan Musulmi ne, makarantar da suke gudu zuwa gare ta kuwa makarantar allo ce. Wannan ma shi ya sa misalinsu yake da amfani ga Kirista, gama mutum ya fi ganin gaskiyar magana sa'ad da ba aljihunsa ake taɓawa ba.

Yadda Hausawa suka zauna a Jazira

Tun zamanin da, hanyar hajji ta ƙasa takan bi ta Borno da Cadi da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, mutum yana tafiya yana noma ko ƙwadago don ya sami guzuri, da yawa kuma sukan zauna a hanya. Babbar hijira ta zo bayan yaƙin Burmi a Yuli 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka isa bakin Shuɗin Nilu wajen 1906. Garin da suka kafa kudu da Sinnar yana nan har yau da sunansa, Mai Wurno, Fulani da Hausawa a cikinsa.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, watau ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. An yanka ƙasar gona gona, kowace gona ana kiranta hawasha, aka raba wa masu haya. Amma auduga tana bukatar hannu da yawa wajen noma da tsinka, saboda haka aka yi marhabin da mutanen yamma, Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen Darfur da Cadi. Waɗansu sun sami hawasha, amma mafi yawa sun zama 'yan ƙwadago da masu noman raba daidai. Mazauninsu shi ne sansanin bukkoki a bakin magudanar ruwa, wanda ake kira kambo, jam'insa kanabi. Kambo ba ya cikin lissafin ƙauyukan da hukuma ta amince da su, ƙasar da yake kai ba ta mazaunansa ba ce, don haka ba a cika ba shi famfo ko asibiti ko makaranta ba.

Dokar zama ɗan ƙasa ta ƙara nauyin kayan. Dokar 1957 ta ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda kakanninsa ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Ke nan jikan wanda ya zo bayan Burmi, ko da a Mai Wurno aka yanke cibiyarsa da ta ubansa, sai ya yi ta kai da kawowa kafin ya sami takarda. Daga baya an sassauta wannan shekara, har dokar 1994 ta mai da ita 1956, amma kallon baƙo da ake yi wa Bahaushe bai gushe da gyaran doka ba.

Masu ƙi da waɗanda aka hana

Wani masani ɗan ƙasar Gana, Bawa Yamba, ya zauna cikin Hausawan Wad Madani da ƙauyukan kewaye, ya fitar da littafi a kansu a 1995. Ya nuna cewa da yawa cikinsu, har tsara ta uku da ta huɗu, suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka, ba mazauna ba. Mai irin wannan tunani yana ganin makarantar gwamnati a matsayin ƙofar da ɗansa zai shiga ya fito ya manta harshe da tarbiyya da niyyar tafiya. Saboda haka yakan kai shi makarantar allo, wadda mutanen Sudan ke kira halwa, a hannun malamin da suke kira faki. Wannan uba ya yi zaɓi na gaskiya. Ya san akwai makarantar gwamnati, ya auna, ya ƙi.

Amma akwai wani uban a kambo wanda bai ƙi kome ba. Makaranta mafi kusa tana ƙauyen masu hawasha, tafiyar sa'a guda ko fiye ga ƙaramin yaro. Idan yaron ya isa, da Larabci ake koyarwa, shi kuwa da Hausa ya tashi. Lokacin tsinkar auduga ya faɗo tsakiyar shekarar karatu, hannun yaro kuma yana cikin abin da gida ke ci. Tun cikin shekarun 1990, da aka ɗora nauyin makarantun firamare a kan ƙananan hukumomi, majalisar iyaye ce ke tara kuɗin alli da gyaran aji, wani lokaci har da na malami, ko da yake tsarin mulkin 2005 ya ce karatun firamare kyauta ne kuma dole. In yaro ya daure ya kai ajin ƙarshe, sai a nemi takardun haihuwa da na zama ɗan ƙasa. Ɗan wannan uba ma yana halwa, yana zaune kusa da ɗan uba na fari, allonsu iri ɗaya. Wanda ya ƙirga su daga nesa zai ce dukansu sun zaɓi barin makarantar gwamnati.

Nan ne kuskure na fari na masu cewa kuɗi su bi yaro. Sun ɗauka duk wanda ba ya makarantar gwamnati fita ya yi da ƙafarsa. Takardar kuɗin karatu tana da amfani ga mai makarantu biyu a gabansa. Ga uban kambo, takardar ba ta gina aji, ba ta kawo malami mai jin Hausa, ba ta ba ɗansa shaidar zama ɗan ƙasa. Abin da za ta yi kawai shi ne ta biya fakin da yaron yake wurinsa tun da fari, sa'an nan gwamnati ta rubuta a littafinta cewa ta sauke nauyi.

Gwaji na fari: halwa mai tallafi

Ba zato ba ne wannan, gama an taɓa yin haka a Sudan ɗin. A 1924 aka yi tawayen ƙungiyar Farar Tuta, wanda ma'aikata da hafsoshi masu ilimin boko suka jagoranta. A Nuwamba na shekarar aka kashe Gwamna Janar, Lee Stack, a Alƙahira. Turawan Ingila suka kori sojoji da malaman Masar, suka kuma fara jin tsoron ɗan makaranta. Sai suka juya ga mulki ta hannun sarakuna da shehunai, irin wanda Lugga ya kafa a Nijeriya ta Arewa, suka rage saurin buɗe makarantun elementare, suka zuba ƙarfinsu ga tallafa wa halwa. Akan kira faki a ba shi horo na ɗan lokaci kan karatu da rubutu da lissafi, a yanka masa ɗan albashi, ya koma ƙauyensa. Cikin 'yan shekaru halwoyi masu tallafi suka tashi daga 'yan kaɗan zuwa ɗaruruwa a lardunan arewa, har da lardin Shuɗin Nilu.

A ido, wannan shi ne ainihin abin da ake nema: iyaye suna son halwa, gwamnati ta biya halwa, kowa ya sami abin da yake so. Amma dalilin gwamnati shi ne arha da tsoro. Halwa ba ta bukatar gini ko ƙwararren malami, ɗalibinta kuma ba zai nemi aikin ofis ko ya karanta jarida ya yi gardama ba. Da aka shiga shekarun 1930, jami'an ilimi da kansu suka ga tsarin bai haifar da abin kirki ba. Horon 'yan watanni bai mai da faki malamin lissafi ba, albashin kuma ya sa waɗansu iyaye suka janye sadakar da suke ba shi da, tun da ya zama ma'aikacin hukuma. A 1934 aka buɗe makarantar horon malamai ta Bakhtur Ruda a bakin Farin Nilu, ƙarƙashin Griffiths, aka koma gina makarantar elementare daga tushe. Yaran da suka yi shekarun nan a halwa mai tallafi kuwa, lokacinsu ya riga ya wuce.

Nijeriya ta sake irin wannan gwaji ta wata fuska a 2012, sa'ad da Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi cikin Sakkwato, aka kuma gina irinta fiye da 150. Da yawa daga cikinsu sun lalace ko an mai da su wani abu dabam, domin an yi gini ba a shirya wanda zai riƙa biyan malamai da ciyar da yara ba. Darasin duka biyu ɗaya ne. Gwamnati tana iya ba makarantar da ba tata ba kuɗi don ta ɗaga yaro, tana kuma iya ba ta don ta rabu da shi cikin sauƙi. Daga waje kuɗin kamarsu ɗaya.

Gwaji na biyu: tallafin makarantun mishan

Gwaji na biyu ya shafi ikkilisiya kai tsaye. A kudancin Sudan Turawa sun bar aikin ilimi a hannun mishan, daga wajen 1926 kuma suka fara ba su tallafi a kai a kai tare da aiko sufeto. Katolika da Angilika da 'yan mishan na Amurka suka faɗaɗa makarantunsu da wannan kuɗi. Mishan ɗin SIM, wanda mai karatu ya sani a matsayin uwar ECWA, ya fara aiki a 1938 a Cali cikin ƙabilar Uduk, kudu da ƙauyukan Hausawan Shuɗin Nilu, SUM kuma tana duwatsun Nuba. Sudan ta sami 'yancin kai a 1956. A 1957 sabuwar gwamnati ta karɓe makarantun mishan na kudu, ɗaya daga cikin hujjojinta kuwa ita ce, ai da kuɗin gwamnati ake tafiyar da su. A 1962 aka kafa dokar da ta ɗaure ayyukan mishan da lasisi, a 1964 aka kori 'yan mishan wajen 300 daga ƙasar. Makarantun ikkilisiya na biranen arewa, irin su Kwalejin Comboni ta Khartum da aka buɗe a 1929, waɗanda suka dogara da kuɗin iyaye da na mishan, su ne suka tsira a hannun masu su.

Kiristan ƙasar Hausa ba ya bukatar a fassara masa wannan labari. Makarantun mishan na Nijeriya sun daɗe suna karɓar tallafin gwamnati, har aka wayi gari a farkon shekarun 1970 jihohi suka karɓe su. St. Paul ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena, St. John ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Makarantar da ta saba biyan malamanta da kuɗin gwamnati ba ta da bakin cewa a'a ranar da gwamnati ta sauya manhaja, ko ta turo shugaban da ta ga dama, ko ta nemi mabuɗi. Wannan shi ne kuskure na biyu na masu ra'ayin: sun lissafa abin da zai shigo, ba su lissafa igiyar da ke ɗaure da shi ba.

Inda ra'ayin yake da gaskiya

Duk da haka, ba daidai ba ne a watsar da maganar gaba ɗaya, gama tarihin Sudan ya ba ta hujja mai ƙarfi. Makarantar gwamnati ba ta zama ta kowa da kowa don kawai an rubuta haka a allon ƙofa. A 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta sauya tsarin ilimi, ta mai da firamare shekara takwas, ta gina manhaja a kan Larabci da Musulunci bisa fahimtar masu mulki. A 2017 hukumar ilimi ta jihar Khartum ta umarci makarantun Kirista su riƙa buɗewa ran Lahadi. Bayan faɗuwar al-Bashir a 2019 aka rubuta sabuwar manhaja, sai rigima ta tashi a kan hoton wani zanen Michelangelo da aka sa cikin littafin tarihi na aji shida, har Firayim Minista Abdalla Hamdok ya dakatar da manhajar a Janairu 2021, shugaban hukumar manhaja, Umar al-Garrai, ya ajiye aiki. Cikin shekara talatin, uba Kirista da uba Musulmi kowa ya sami ranar da ya buɗe littafin ɗansa ya ga abin da bai yarda da shi ba. Uban da ya ce ba zai miƙa tarbiyyar ɗansa ga duk wanda ya hau mulki ba, yana da hujja.

Akwai kuma lokacin da makarantar da ba ta gwamnati ba ita ce kaɗai ta je inda yaro yake. A 1986 ikkilisiyar Katolika ta Khartum, ƙarƙashin Akbishop Gabriel Zubeir Wako, ta fara buɗe makarantun rumfa a sansanonin 'yan gudun hijira da ke gefen birnin, dubban yara suka koyi karatu a cikinsu, Kirista da Musulmi. Gwamnati ba ta ɗauki nauyinsu ba, wani lokaci ma akan rushe rumfunan tare da unguwannin. Haka nan halwa ce ta koya wa 'ya'yan kanabi haruffa a shekarun da babu wanda ya tuna da su. Iyayen waɗannan yara suna biyan haraji a kasuwa da a tasha, audugar da suka tsinka kuma ita ce ta riƙe baitulmalin ƙasar shekaru da yawa. Cewa ba su da rabo cikin kuɗin ilimi zalunci ne, masu cewa kuɗi su bi yaro kuwa sun yi daidai da suka faɗe shi.

Abin da kuɗi marar ido ke yi

Sai dai kuɗi ba shi da ido, sai an yi masa. A Oktoba 2020 sashen Larabci na BBC ya fitar da binciken wani ɗan jarida, Fathur Rahman al-Hamdani, wanda ya shiga halwoyi da dama a asirce. Ya ɗauki hoton yara sanye da mari a ƙafa, da waɗanda aka yi wa dukan da ya kai su asibiti. Rahoton ya ce akwai halwa wajen 30,000 a Sudan, suna kuma samun taimako daga gwamnati da masu ba da sadaka. Ba kowace halwa ce haka ba, da yawa gidajen tarbiyya ne da suka ciyar da marayu tun kaka da kakanni. Amma abin da aka gani ya nuna abin da kan faru idan kuɗi ya shiga, sufeto bai shiga ba. Kada kuwa mai karatu ya ɗauka wannan ciwo na halwa ne kaɗai. Duk makarantar da ke rufe ƙofa a kan yara, ko ta wace addini ce, tana bukatar idon da ba nata ba.

Akwai kuma batun makarantar da aka bari a baya. A Chile, bayan 1981, yaran makarantun gwamnati sun ragu daga kusan kashi 80 cikin 100 zuwa ƙasa da rabi. Makarantu masu zaman kansu suka riƙa karɓar takardar gwamnati, suna ƙara kuɗi a kanta, suna kuma tace yaran da za su ɗauka, har 'ya'yan talakawa suka taru wuri ɗaya. Dole ta sa ƙasar ta ƙara wa takardar ɗan talaka nauyi a 2008, a 2015 kuma ta yi dokar hana cin riba da ƙarin kuɗi da tace yara a makarantun da ke karɓar tallafi. In haka ta faru a ƙasa mai sufetoci, sai a yi tunanin ƙauyen Jazira mai makaranta ɗaya da malamai uku. Idan masu hawasha goma suka ɗauke 'ya'yansu da rabonsu zuwa makarantar kuɗi a Wad Madani, rufin ajin da suka bari ba zai daina yoyo ba, albashin malami ba zai ragu ba, sai dai kuɗin biyansa. Waɗanda za su rage a ƙarƙashin rufin kuwa su ne 'ya'yan kambo da suka sha wahalar zuwa.

Makarantar gwamnati tana da wani aiki kuma wanda takardar kuɗi ba ta aunawa. A Yuli da Oktoba 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, a Rusairis da Damazin da Wad al-Mahi, a kan ƙasa da sarauta. Mutane ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka gudu. Makaranta ba ta hana yaƙi, amma aji yana cikin wurare kaɗan da ɗan Bahaushe da ɗan Berta da ɗan Balarabe za su zauna a benci ɗaya tun suna ƙanana, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsarin da zai biya kowace ƙabila da kowane addini su janye zuwa nasu kango, ba tare da wani abin da ya haɗa su ba, yana sayen kwanciyar hankalin yau da bashin gobe.

Hukunci

To, mene ne hukuncin wannan ra'ayi? Rabinsa gaskiya ne, rabin kuma da aka bari shi ne mai wuya. Kuɗin jama'a yana iya zuwa makarantar da ba ta gwamnati ba, amma sai da sharuɗɗa.

Na fari, a fara da wanda aka hana kafin wanda ya ƙi. Muddin akwai kambo ko ƙauye da babu aji, kuɗin fari nasa ne, takardar haihuwa da shaidar zama ɗan ƙasa kuma suna cikin kayan makaranta kamar alli. Na biyu, tallafin ya fi nauyi ga ɗan talaka, makarantar da ta karɓe shi kuma kada ta ƙara kuɗin da zai kore shi. Na uku, kowace makaranta mai karɓa, halwa ce ko mishan, ta koyar da karatu da rubutu da lissafi har yaro ya iya zama jarrabawar ƙasa, ta buɗe ƙofa ga sufeto, ta kuma amsa tambaya a kan lafiyar yaran da ke hannunta. Na huɗu, a rubuta cikin doka abin da gwamnati ba za ta taɓa ba, watau mallakar makaranta da koyarwar addininta da ranar sujadarta. Holan ta yi haka, shi ya sa tsarinta ya wuce shekara ɗari. Jihar Anambra ta mayar wa Katolika da Angilika makarantun firamare fiye da 1,000 a 2011, gwamnati tana ci gaba da biyan malamai, amma duk tsarin da ya dogara ga alherin gwamna ɗaya, wani gwamnan yana iya warware shi. Na biyar, ma'auni ya zama ɗaya ga kowa.

Sharaɗi na biyar shi ne mai ɗaci ga waɗansu 'yan'uwa. Ikkilisiyar da ta nemi rabon 'ya'yanta a Zariya ko Malumfashi ta yarda ke nan a ba tsangaya da Islamiyya nasu rabon da mudu ɗaya. In ta ga ba za ta iya yarda da wannan ba, to, ba adalci take nema ba, gata take nema, gata kuwa na mai rinjaye ne. Ɗan Kiristan ƙauyen Katsina ko Kano, wanda makaranta ta yi masa nisa, wanda kuma sau da yawa ba ya samun malamin addininsa a makarantar gwamnati, ya fi kama da ɗan kambo fiye da ɗan attajirin da ke makarantar kuɗi a Kaduna. Ma'aunin da zai cece shi, shi ne zai ceci wancan. Haka kuma ikkilisiyar da ta karɓi tallafi kada ta daina tara nata, gama abin aro ba ya rufe katara.

Yaƙin da ya fara a Sudan ran 15 ga Afrilu 2023 ya sa wannan magana ta zama ta gaggawa. A Oktoba na shekarar hukumar UNICEF ta ce yara wajen miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, sojoji suka karɓe ta a Janairu 2025, makarantu masu yawa kuma sun zama masaukin 'yan gudun hijira. Sa'ad da za a sake gina ilimi a Jazira da Shuɗin Nilu, baitulmali zai kasance babu kome, za a kuma sami masu ba da shawarar hanya mai arha: a ba faki ɗan abu, a ba mishan ɗan abu, a bar iyaye su ji da sauran. An bi wannan hanya bayan 1924, an kuma ga inda ta kai. Wanda za a tambaya ko tsarin ya yi kyau shi ne uban da ke zaune a bakin magudanar ruwa, ko ɗansa ya iya karanta takardar da aka miƙa masa, ko kuwa har yanzu sai ya nemi mai karanta masa.